Ranar Da Aka Ci Kofi Ina Zaune A Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ana saura shekara guda Turawa su ba mu mulkin kai. Ina ajin ƙarshe a makarantar midil a Sakkwato, kuma duk makarantar babu wanda ya kai ni tsawo, har malamai. Wani Bature ne ya kafa mana ƙarfe biyu a bayan ajujuwa ya koya mana ƙwallon kwando, da ya tafi sai Malam Garba ya karɓe mu. Yawancin ƙwallayenmu ni nake ci, don haka na yanke hukuncin cewa sauran huɗun an sa su ne don a cika biyar (na taɓa faɗa musu haka da bakina, Allah Ya yafe mini).

Ranar ce wasan ƙarshe, mu da 'yan wata kwalejin horon malamai, ga kofi a kan tebur. Babana mahauci ne a Ƙofar Taramniya, ba ya barin teburinsa da rana. Kwana uku ina roƙonsa ya zo ya ga ɗansa. Ya bar wa ƙanensa wuƙa da nama, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zo ya tsaya a bakin fili, bai san komai a wasan ba.

Baƙin nan gajeru ne, amma sun sa mutum biyu sun manne mini. Bello, abokina tun muna yara, yana tsaye shi kaɗai a gindin kwando yana ta ihu, "Dogo, miƙo! Ga ni nan!" Ni kuwa ina, Baba na kallo zan ba wani? Na yi ta jifa, ƙwallo tana bauɗewa. Aka tafi hutu suna gabanmu.

Malam Garba ya tara mu zai yi magana, na koma gefe ina shan ruwa ina gyara tsayuwa don 'yan kallo. Na san ana sauya gefe bayan hutu, wallahi na sani, amma kaina ya cika da yadda zan rama ni kaɗai.

Ana busa usur ƙwallo ta faɗo hannuna. Na zura da gudu. Babu wanda ya tare ni (na ɗauka tsorona ne ya kama su). Na daka tsalle na jefa, ta shige sumul. Na ɗaga hannu na juya wajen Baba.

Fili ya yi tsit. Mutum ɗaya ne ke tafi, babana. "Madalla, ɗana!" in ji shi da ƙarfi. Sai dariya ta ɓarke. A kwandonmu na jefa. Ina kallo wani dattijo ya raɗa masa magana a kunne, ya sauke hannuwansa a hankali ya cusa su cikin riga.

"Hito, Dogo. Zamna," in ji Malam Garba.

Ya sa Umaru, wani siririn yaro da bai taɓa shiga gasa ba. Ina zaune a ƙasa na ga abin da ban taɓa bari a yi ba: wannan ya ba wancan, wancan ya ba Bello, Bello ya jefa. Kowa ya ci, har Umaru. Abin da ya fi ba ni kunya yau, a zuciyata addu'a nake yi su faɗi. Ba su faɗi ba. Suka ɗauki kofi.

Na tare Bello na ce me ya sa ba su tsayar da ni ba. Ya ce, "Mu huɗu munka yi ta kiranka, Dogo. Kai dai ka daɗe da barin jin mu."

Muka kama hanyar gida ni da Baba. A ƙofar zaure ya ce, "Da ka hwaɗa min inda anka so a jefa, da ban yi tahi ba." Bai sake taka makarantar ba har ya rasu, ni ma ban sake roƙonsa ba.

Yanzu in jikokina suna gardamar ko sai da gwani ake cin kofi, nakan ce musu ƙwarai, gwani yana da amfani. Ni ne gwanin ƙungiyarmu, kuma babban taimakon da na taɓa yi mata shi ne da na zauna.