Gaurakan Lami

Wani ne a wani ƙauye can wajen Baure, duk duniya ba abin da ya iya sai korar tsuntsu a gonar gero. In ya kwarara ihu, jan-baki sai sun tsallaka Nijar suke waiwayowa.

To, sai ga Malam Abdulbaƙi, malamin firamare mai ƙungiyar kare tsuntsayen daji, yana neman mai gadin tafkin bayan gari. Aka ce masa ai ga wanda ya san tsuntsu.

Malam ya ce, "Akwai gauraka guda da ke sauka a tafkin nan. Ran Asabar baƙi za su zo daga Daura kallonsa. In sun gan shi, sabon keke naka ne."

Mutumin ya ce, "Kallo kawai, Malam? Ba ci?"

"Ba ci."

"Allah mai iko! Su da idonsu, ni da kekena."

Washegari ya zauna bakin tafki yana lissafin inda zai fara zuwa da keke. Sai ga belbela, ga kirinjijiya, ga gauraka da kansa, suka sauka luu. Hali zanen dutse. Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi: "Haaa! Kai! Haaa!" Ya wawuri gwangwani ya shiga kaɗawa. Tafki ya yi fayau, ko gashi ba su bari ba.

Malam ya iso yana haki. "Me ka yi haka?"

"Wallahi Malam ba ni ba ne, jikina ne ya saba. Amma ka duba, tun da na kama aiki an harbi ko ɗaya?"

Malam ya ce, "In Asabar ta yi ba gauraka, ko ƙararrawar keken ba za ka taɓa ba."

Hankalin mutumin ya tashi, don ya riga ya gaya wa duk gari ya yi keke. Ya zuba gero bakin ruwa, ya tsuguna yana ba sama haƙuri. Ko 'yar tsuntsuwar nan tsada ba ta leƙo ba.

Ran Asabar da sassafe ya faki idon matarsa Lami, ya kwashe mata agwagi da zabi ya kai tafki. Ya kama ƙaton talotalonta, ya yanko kan tsintsiya, ya manna masa a ka da ƙaro, ya tura shi cikin doguwar ciyawa.

Baƙi suka zo, suka laɓe bayan zana da madubin hangen nesa, ana ta raɗa. Wani Alhaji a cikinsu ya ce, "Ga tukkun can! Amma me ya sa wuyansa ya yi ja haka?"

Mutumin ya ce, "Rana ce, Alhaji. Bana ba wanda ta ƙyale."

"Kuma ya cika ƙiba."

"Gadi ne ya karɓe shi."

Malam ya manta tabaronsa a gida, sai murna yake yi. Ya turo keke, mutumin ya damƙe kan keken da hannu biyu.

Sai ga Lami ta ɓullo, ranta a ɓace, da ƙwaryar tsaba a hannu. Ta girgiza ƙwaryar sau ɗaya. Nan take tsuntsayen daji kaf suka yo kanta da gudu, gauraka a gaba yana gulu-gulu, tsintsiya ta karkace masa a ido.

Malam ya kama sirdin keke yana ja, mutumin yana ja. Alhaji ya sauke madubi ya ce, "Kai, bawan Allah! Wane irin gauraka ne ke amsa kiran matar gida?"

Mutumin ya ce, "Alhaji, ba ka san Lami ba ne. Ni da nake mutum, in ta kira da gudu nake zuwa, balle tsuntsu!"