Karan Dawa da Barcin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina, da ranar da na tara mutanen ƙauyenmu kaf don makokin mutumin da barcin rana kawai yake yi. Mutumin kuwa ubana ne.

A farkon shekarun tamanin ne, ina shekarar farko a jami'a, a wata ƙasa ta bakin teku, ina koyon zanen gine-gine. Ɗakin da muke aiki atiliye ake ce masa: dogon ɗaki mai tebura masu gangara, kowa da nasa, da rula mai kai, da farar takarda wadda ake ganin ta ƙasa ta cikinta. Wata biyu cur ba abin da muka yi sai jan layi. Layi tsaye, layi kwance, mai kauri, siriri. Ni da na baro ƙasarmu ta Buza da tunanin zan koma in gina wa mutane bene, sai ga ni ana yi mini faɗa don layina ya yi rawa.

Ni kaɗai ne Ba'adare a ajin, ni kaɗai ne ma Bahaushe. In an tashi cin abincin rana, 'yan ajin su fita ƙungiya-ƙungiya, kowa da yarensa, ni kuwa in zauna a teburina ina feƙe fensirin da bai buƙaci fiƙa ba. Ranar da aka ce kowa ya zana gidan da ya tashi a ciki, na zana namu da manyan rumbunanmu na ƙasa, wani ya leƙo ya tambaye ni ko mu a cikin tukwane muke kwana. Aka yi dariya, ni ma na yi (me zan yi?), amma abin ya tsaya mini a rai. Kewa ta dame ni a shekarar nan ƙwarai, har akwai ranar da na bi wani mai sayar da goro a kasuwa ina taya abin da ba zan saya ba, don dai in ji Hausa a kunnena.

Malaminmu wani dogon dattijo ne mai son ɗaga yatsa. Kullum maganarsa ɗaya: gini daga jikin mutum yake farawa. Tsawon ƙofa daga tsawon mai shiga, matakala daga tafin ƙafa, gado daga mai kwanciya. Littafin da muke amfani da shi cike yake da hotunan Turawa zaune a kujeru, an rubuta awonsu gaba da baya. Dab da babban hutu ya rufe littafin nan ya ce mutanenmu a tabarma suke zama, don haka kowa ya tafi gida ya auno mutanen gidansu, a tsaye, a zaune, a kwance, musamman mai gidan, sa'annan ya zana masa ɗaki daidai jikinsa.

'Yan ajin suka rubuta a littafi ba tare da damuwa ba. Ni kuwa na san na shiga uku, don ni ɗan fari ne.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da nake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya tarar ana yi. Ina zaune a gabansa zai dubi Inna ya ce, "A tambayi yaron ga ko ya ci tuwo." Tun ina ɗan shekara bakwai aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, a garin Madawa, na zauna gidan mutane, daga nan sai makarantar kwana, don haka ko ɗan sabon da zama tare yake kawowa ba mu samu ba. Wasiƙun da Inna take sa a rubuto mini, rabon Baba a ciki layi ɗaya ne a can ƙasa: mai gida yana gaishe ka. Layin nan nakan karanta shi ya fi sau goma.

To, a cikin motar da ta ɗauko ni zuwa Madawa na ƙulla shawara. Zan yi awon nan, in zana wa Baba ɗaki mai kyau a takarda, in shimfiɗa a gabansa. Dole ya ce wani abu, kuma dole ni zai faɗa wa, tunda ba wanda ya iya karanta zanen sai ni. Abin da nake so ke nan a duniya, ya dube ni ya yi mini magana.

Na iso damina ta kankama, kowa yana gona ana maimai. Tsararrakina duk sun yi aure, in mun gaisa sai hira ta ƙare a gaisuwar. A can ni baƙo, a nan ma an shimfiɗa mini sabuwar tabarma kamar baƙo. Sai na rungumi aikina. Ina da metir na ƙarfe, mai naɗewa cikin ɗan gwangwani, da shi na bi gida ina auna ƙofa, da gado, da bakin rumbu. Inna ta tsaya na auna ta tana dariya tana rufe baki. Gwaggo Hajo, yayar Baba, wadda take zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, ta kore ni da muciya.

"Ni atamfa ta da za ka auna ni? Tahi can da ƙarhenka!"

Saura Baba. Ya kwana biyar yana fama da zazzaɓi, bai fita gona ba, duk ƙauye an sani, ana ta zuwa dubiya. Tsawonsa a tsaye na sace shi da ido a jikin ƙofa na sa alama. Amma a kwance fa? In je in ce, Baba miƙe in auna ka? Bakina ba zai iya ba. Kwana uku ina kewaya ɗakinsa da metir a aljihu.

Ran nan bayan azahar gida ya yi tsit. Inna ta kai abinci gona, Gwaggo tana maƙwabta. Na leƙa na tarar Baba ya sha maganinsa, barci mai nauyi ya ɗauke shi, ya ja farin mayafi har kansa saboda ƙudaje. Na ce ga dama ta samu. Matsalar ɗaya ce, metir ɗin nan ƙara gare shi, in ka ja shi sai ya yi ƙarar-ƙarar, in ka sake shi ya koma da ƙarfi. Nan fa basira ta zo mini (har yau ina jin haushin yadda na yaba wa kaina a lokacin). Malam ya koya mana cewa in ba kayan awo, ka ɗauki tsawon da duk abin da ka samu, daga baya ka auna shi. Na je darni na zaro karan dawa miƙaƙƙe, na shiga a hankali, na durƙusa, na shimfiɗa shi a gefen Baba daga kai zuwa ƙafa. Abin da ya yi saura na karye shi.

Yanzu duk wani ɗan ƙauye ya riga ya dafe kai. Mutum a kwance, an rufe shi da farin mayafi, babban ɗansa durƙushe yana auna shi da kara. A wajenmu sau ɗaya ake yi wa mutum haka, kuma karan masu haƙa kabari ake miƙa wa. Kada ku ce ban sani ba. Na sani, na taɓa gani ina yaro. Amma a lokacin ba abin da ke kaina sai santimetir.

Ƙarar karyewar karan ta zo daidai da shigowar Gwaggo Hajo, ɗauke da ƙwaryar kunu. Ta dubi mayafi, ta dubi kara, ta dube ni. Ƙwarya ta faɗi.

"Inna lillahi! Yaushe? Yaushe yac cika?"

Da na ce mata barci yake yi, da an wuce wurin. Amma ruɗewa ta sa na ɗora yatsa a baki na ce mata shhh, na fara yi mata bayani da Faransanci. Gwaggo da ko gaisuwa ba ta iya da shi ba! Ta ɗora hannu a ka ta fita da salati, ni kuma na bi ta a guje don in tsayar da ita, da karan a hannuna. Ita tana gaba tana kuka, ni ina baya da shaida. Duk wanda ya gan mu bai buƙaci tambaya ba.

Kafin in gama cewa "ku tsaya ku ji", matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Labari ya bi gonaki, maza suka yar da hauya suka taho. Wani ya karɓe karan daga hannuna yana ce mini in yi haƙuri, wani ya rungume ni ya danne kaina a ƙirjinsa. Ina cewa "bai mutu ba, da ransa," ana shafa mini baya ana cewa, "Haka na, ɗan ga, haka kowa ka cewa. Sai haƙuri." Inna ta iso ba mayafi, ƙafafunta duk taɓo. Wannan fuskar tata ita ce abin da ban taɓa iya mayarwa abin dariya ba.

Liman ya zo, ya nemi a ba shi hanya, ya yi bisimilla ya shiga ɗakin, dattawa biyu a bayansa. Ya kama bakin mayafi ya ɗaga. Baba ya buɗe ido.

"Malam, lahiya?"

An ce dattijo ɗaya har ya bugi ƙofa da goshi. Liman dai ya dake, ya ce, "Lahiya lau, Alhamdu lillahi. Jana'izarka munka zo, amma tunda ka tashi, ya jiki?"

Da aka gane abin da ya faru, kukan ya juye dariya, har da masu riƙe ciki. Aka sa ni tsakiya in yi bayani. Na tsaya a gaban ƙauye guda ina cewa aikin makaranta ne, malam ne ya ce a auno. Wani tsoho ya ce, "To shi malamin, ubanshi yaka aunawa?" Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ya doke ni, don ba kowa ne ya tsaya a dariya ba. Kafin magariba na ji ana raɗa cewa ɗan lakwal ya ƙosa a raba gado.

Kwana biyu ban fita ɗaki ba. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata. Ba abin da ya fi ci mini rai kamar shirun Baba, ko faɗa bai aiko a yi mini ba. Na je neman magana ɗaya, na ƙare da kunyata shi a idon duniya. Na fara haɗa kayana in koma Madawa in ƙarasa hutun a can.

A rana ta uku da hantsi, kowa ya tafi gona, na fito zan ɗebi ruwa. Baba yana zaune a rumfa, jiki ya yi sauƙi. Bai dube ni ba, ya dubi sama ya ce, "A ce ma yaron ga shi kawo karan."

Na waiga, ba kowa a gidan sai ni da kaji. Na ɗauko karan inda aka jingine shi, na durƙusa na miƙa. Ya tashi tsaye, ya kafa shi a ƙasa a gefensa. Karan iyakarsa kunnen Baba. Ashe da ƙafa a lanƙwashe yake barci, ni kuwa ban lura ba.

"Shekara guda ƙasar mutane," in ji shi, "wanga na awon da kak koyo? Da an bi taka, da sai an tanƙwashe ni."

Ni yake wa magana. Ba Inna ba, ba sama ba. Na sunkuyar da kai.

Ya koma kan tabarma ya miƙe sambal. "Ɗauko ƙarhen naka. Auna da kyau, ina kallo."

Na auna, metir yana ta ƙararsa. Ya tambaye ni mene ne amfanin awon, na gaya masa ɗaki zan zana masa. Ya ce in kawo ya gani. Na shimfiɗa ɗan abin da na fara, ya daɗe yana dubawa a juye, sa'annan ya tambaya ina ƙofa. Na nuna. Ya tambaya ina gabas. Na nuna. Ya girgiza kai ya ce wa ya taɓa buɗe ƙofa ta inda hadari yake tasowa. Daga nan ya shiga gaya mini yadda shi da ubansa suka gina ɗakin da yake kwana, inda suka haƙo ƙasar, da dalilin da ya sa ƙofar take gajera. Muna nan har aka kira azahar. Da muka ji muryar Inna a ƙofar gida, ya juya baya ya ce a gaya wa yaron ga ya kwashe takardunsa.

Hirarmu ke nan ta farko, kuma ba mu sake yin mai tsawonta ba. Zanen ya sami maki daidai wa daida, ɗakin kuwa ba a taɓa gina shi ba. Ina shekara ta uku Baba ya rasu, wasiƙa ta same ni a teburina na atiliye bayan an yi sadakar arba'in. Na karanta, na ninke, ba wanda zan gaya wa da harshen da zai ji.

Da na zo gida, Gwaggo Hajo, wadda ta daɗe da yafe mini, ta ce ya bar mini saƙo. Na gyara zama, na ɗauka wata babbar wasiyya ce. Ta ce kwana biyu kafin ya cika ya yi dariya shi kaɗai, ya ce, "In an zo awo, kar a ba yaron ga. Bai iya ba."

Na yi shekaru ina zana wa mutane gidaje, kuma ban sake auna ko akurkin kaji ba sai na yi sallama na faɗi dalili. In kuwa akwai wanda kake son magana da shi, ka tashe shi ka yi abarka tun yana iya tashi. Ba kowa ne liman yake ɗaga wa mayafi ya ce "lahiya?" ba.