Dillali Ya Kawo wa Alhaji Muhuyi 'Yar Haya

Bencin da nake zama a kai a bakin ƙofa, Alhaji Muhuyi ne ya sa kafinta ya yi mini shi, shekarar da maigidana ya rasu, da ya lura gwiwoyina ba sa son tabarma. Ni 'yar haya ce a gidansa a nan Zongon Kwatano. A kan bencin nake jan carbi da hantsi, a kansa kuma na ga abin da zan faɗa.

Tun rasuwar matarsa, Hajiya Ummu Salama, ɗakinta yake kulle. Bana sai ya sa aka yi masa fenti, ya kira wani dillalin gidaje mai suna Nourou, irin waɗanda muke ce wa demarshe, ya ce ya samo masa ɗan haya. Nourou mutumin unguwar Zogbo ne, bai san kowa a gidan ba. Alhaji kuma bai gaya wa danginsa ba.

Wata Laraba sai ga zem biyu, wato baburan haya, sun tsaya a ƙofar gida. Nourou ya sauko daga ɗaya. Daga ɗayan kuwa jikar Alhaji ce, Rufaida, wadda ke aure a unguwar Akpakpa, ƙetaren gada, da goyo a bayanta. Ta tsaya tana kallon ƙofar baki buɗe. Daidai nan Alhaji ya fito da sandarsa.

"A'a, amarya, sannu da zuwa. Yau kin tuna da mijinki na fari?"

Nourou ya yi dariyar ladabi. "Alhaji akwai barkwanci. Ga madam ɗin da na ce maka, ta zo ganin ɗaki."

Carbi ya tsaya a hannuna. Alhaji ya dubi Nourou, ya dubi Rufaida.

"Wace madam?"

"Wane ɗaki?" in ji Rufaida. Ta ɗaga wayarta. "Tsoho, hoton nan da aka turo mini, ɗakin Hajiya ne? Ɗakin kakata ka shafe da shuɗin fenti ka sa a kasuwa?"

"Ke kuma ɗaki kike nema a gari, ina raye, ban sani ba?"

"Ai ban san kana raye sosai ba. Ce mini aka yi mai gidan tsoho ne tukuf, kurma, ba ya fita, ba shi da kowa a duniya."

"Kurma? Ni da nake jin motsin cokali a kwanon maƙwabta?"

"Wannan kwaɗayi ne, ba kunne ba."

"To ni kuma ce mini aka yi matar wani babban ma'aikacin tashar jiragen ruwa ce, ba ta da yara, ba ta da dangi a Kwatano, shiru-shiru, ba ta ɗaga murya. Wannan na bayanki fa, buhun gari ne?"

"Kishiyarka ce a wajen koko, ita ma ba ta da haƙori."

Nourou ya fara ja da baya yana shafa ƙeya. "Wai... kun san juna ne?"

"Matata ce," in ji Alhaji. "Ta gudu ta auri direban babbar mota, ta bar ni."

"Na bar shi ne saboda rowa. Kai kuma dillali, kuɗin ganin ɗaki na biya ka, na biya zem ɗina da naka tun daga ƙetaren gada, don a nuna mini inda aka yi mini wankan jego."

"Kin biya don ki ga gidana? Da ni kika ba, da na nuna miki har banɗaki."

"Da ka karɓa kuwa, na sani."

Alhaji ya nuna Nourou da sanda. "Kai kuma ka ci nata, kana jiran ka ci nawa. Shi ya sa Liman ya ce mini in ba dillali, wai shi ne ya san mutane."

Rufaida ta ce, "Ya san su mana. Ga shi ya bincike Kwatano kaf, ya samo maka wadda ba za ta taɓa biyan ka ba."

"Abin da na guda ke nan. Ɗan'uwa in ya shiga ɗaki, gaisuwa ce hayarsa. Baƙo nake so, wanda in wata ya ƙare dillali zai je ya tsaya masa, ni ina masallaci."

"Baƙo a ɗakin Hajiya. Da ya zo da kare fa?"

"Da ya fi ki shiru."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na ga ta gyara goyo, ta kau da kai wajen titi. Alhaji ma ya gani.

"Me ya sami ɗakinku na Akpakpa?"

"Ruwa. Tun farkon damina a kan tebur muke ɗora katifa. Yarinyar nan tari take yi. Maigidana Nasser yana hanyar arewa da kaya, ya ce in nema kafin ya dawo."

"Shi ne kika je wa dillali, kika tsallake ni."

"Kai ma ai shi ka je wa, ka tsallake ni."

Nourou ya ce yana da wani ɗan haya da ke jiransa a Zogbo, ya tare zem ya hau. Ko kuɗin da yake karɓa a hannun sabon ɗan haya bai tambaya ba.

Alhaji ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya riƙe shi sama.

"Sharaɗi: ba daka da asuba, ba baƙi, ba waƙa."

"Nawa sharaɗin: ba leƙen tukunya, ba aron sukari. Fentin nan kuma a sake shi, kamar asibiti."

"Kin ji ta, Labiba?" ya ce da ni. "Ko shiga ba ta yi ba."

"Sadakina ne da ka daɗe ba ka biya ba. Kawo," in ji Rufaida.

Ya yi dariya har da tari, ya sakar mata makullin a tafin hannu. Ta shige ciki. Muka ji ƙarar tsohuwar ƙofar ɗakin, sannan muka ji ta tana nuna wa jaririyar ƙusar da Hajiya ke rataye carbinta, wai mai fenti ya shafe ta ita ma. Sai ta tuntsire da dariya, irin mai farawa a hanci ta ƙare da "wayyo cikina".

Alhaji ya zauna a gefen bencina, abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana kallon sandarsa.

"Dalilin da ya sa na so baƙo ke nan," ya ce a hankali. "Dariyar kakarta ce sak. Labiba, ki ce mata ta riƙa ragewa."

Na ce to. Ya miƙe ya nufi masallaci. Bai kai kan kwana ba ya dawo, ya tsaya a kaina.

"Bar ta. Kada ki ce mata komai."