Rasuwar Gwaggo, Ƙararrawar Injin Shiɓa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa da suka kasa sabawa da shiru, ni Sarfraz Cheema, shugaban sashen shiɓar auduga a masaƙarmu ta birnin Faisalabad, wanda ake kira Ustad, wato babban gwanin sana'a, nake sanar da rasuwar Gwaggo, jar ƙararrawar da ke manne a jikin inji na uku. Ta rasu ranar Talata bayan azahar, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki.

Aikin marigayiya guda ɗaya ne. Duk wanda ya buɗe murfin inji alhali haƙoransa na juyawa, sai ta tsala ihu, "Ƙiiiii!" har sai ya rufe. Saboda wannan mita muka sa mata Gwaggo. Ba ta san babba ba. Ta taɓa tsawata wa surukin mai masaƙa a gaban baƙi, sai da ya zubar da shayi a wandonsa.

Ciwonta ya faro da ƙurar auduga a maƙogwaro, murya ta dishe. Daga baya Pervez, mai gyaran inji, ya cusa mata tsumma a baki, wai tana sa masa ciwon kai. Duk da haka ba ta daina gurnani ba. Ajali ya zo mata ta hannun manaja, Chaudhry Liaqat, wanda ya ce tsayar da inji don cire tarkace ɓata lokaci ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwar nan ce ke tsare mana hannuwa."

Ya ce, "Ustad, ku yara ne? Wanda bai san inji na cizo ba ya koma gida ya sayar da rake. Miƙo filaya."

Ni na miƙa masa, ya datse wayarta da ita. Wannan ba zan ɓoye ba.

Ranar Juma'a da hantsi auduga ta cushe. Mushtaq Gondal, uban 'ya'ya huɗu, ya buɗe murfi, bai ji an yi masa faɗa ba, ya ɗauka injin a kashe yake saboda rugugin sauran injunan ya cika ɗakin. Ya zura hannu. Yatsu biyu suka tafi. A hanyar asibiti, yana riƙe da rawanina da na naɗe masa hannun, abin da ya tambaye ni ke nan: "Ustad, yau Gwaggo fushi take da ni?"

Marigayiya ta bar ƙaninta, allon gargaɗi mai ruwan ɗorawa da aka rubuta da Jamusanci, wanda muke rataya hula a kansa. Ta bar tukunyar kashe gobara, da ta yi ritaya tana tokare ƙofa. Akwai kuma jan maɓallin tsayar da inji, wanda ba a gan shi ba tun da aka jera buhuna a gabansa. Duk wanda ya ji labarinsa ya sanar da dangi.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe. Mushtaq ne zai ɗauki gawar da hannun hagu, ya ajiye ta a kan teburin manaja, kusa da farantin samosa. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar masaƙa, mu ɗari da arba'in, injuna duk a kashe. Masu zuwa su taho da tabarma da abincinsu, don ba za a tashi daga zaman makokin ba sai an ɗaura mana magajiyarta, mun kuma ji muryarta da kunnenmu.