Turmin Ingila

"...da iyali, da jikin tsufa? Au, ashe Baturiyar ce. Na zaci wata mutuniyar kirki ce ta yi sallama."

Na'Allah masassaƙi ke nan, yana zaune a rumfarsa da ke bayan 'yan doya a kasuwar garin Lafiya, gizago a hannu. Wadda ta tsaya a kansa kuwa Sailuba ce, taubashiyarsa, uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito. Bara ta je Ingila wajen ɗanta Salmanu mai karatun likita. Bana, 1988, matar Salmanu, Barira, ta kusa sauka, an sake aiko mata da tikiti.

"Tashi ka gaishe ni da kyau, bawan gidanmu. Turmi na zo saye."

"Na gidanki na Akurba ya fashe ne, ko kin sayar kin ci tsire?"

"Da shi zan tafi Ingila."

Na'Allah ya ajiye gizago, ya leƙa fuskarta, ya tambaya ko sanyin can ne ya taɓa mata kai.

"Kai da ko Makurɗi ba ka wuce ba, me ka sani game da sanyi? Ranar da ka hau motar Doma, sai da direba ya tsaya aka yi maka fifita."

"Ni dai ban zauna a ɗakin mutane ina gaida talabijin ba. Labari ya iso mana, wai mai karanta labarai ya yi shiru kin ce masa ya gaida gida."

"Ya fi ka ladabi, ko ba komai yana tsefe kansa."

Ta ja wani turmi ta kife shi, ta zauna. Ta ce can gida ne a kan gida, ba tsakar gida, ba maƙwabcin da zai leƙo ya ce yaya aka kwana. Da safe Salmanu ya tafi asibiti, Barira wurin aiki, jikarta Zuwairatu makaranta, a bar ta da na'urar ɗumama ɗaki. Doya akwai a kantin wani Ba'indiye, amma Barira a inji take markaɗa ta, ta fito kamar kunun kanwa, a ce wai sakwara.

"Kika ci?"

"Na ci don kada in ɓata wa surukata rai."

"Ƙarya ne, har kwano kika suɗe. Da ƙiba kika dawo, mota na ganinki tana jirkicewa."

"Ka rufe min baki in gama."

Muryarta ta ɗan sauka. Ta ce Zuwairatu ba ta jin Hausa, ita kuma ba ta jin Turanci, har aka yi wata biyu yarinyar tana raɓe-raɓe tana kallonta kamar baƙuwa. Ranar da ta gaji, ta dafa doya ta zuba a tukunya, ta ɗauki kwalbar lemo tana kirɓawa, sai ga yarinyar ta zo ta zauna gefenta, ta miƙo hannu tana son ta gwada. Ba su yi nisa ba tukunyar ta lotse, tsohon da ke ƙasansu ya hau bugun rufi da sandar shara.

"To ga shi nan. Kwalba ma an kusa kira miki ɗan sanda, ina ga turmin ƙirya? A kurkukun Turawa za ki yi azumi."

"Akwai ɗan fili a bayan gidan inda suke shanya. Can za mu sauka, ko ƙanƙara ake yi. Jikata ba za ta girma ba ta san ƙarar tabarya ba, ina raye."

Na'Allah ya tashi, ya shiga can cikin rumfa ya ɗauko wani madaidaicin turmi, ya ƙwanƙwasa gindinsa ya saurara. Ya ce wannan zai shiga akwati idan ta rage zannuwan gayunta. Sannan ya tsayar da tabarya kusa da ita, ta kai mata kafaɗa, ya yi murmushin wanda ya ci nasara.

"Wannan fa? A wane akwatin? Masu jirgi ba za su bar ki da ita ba."

Sailuba ta karɓi tabaryar ta dogara, ta ranƙwafa, ta fara jan ƙafa ɗaya tana nishi, ta bi layin 'yan doya tana ɗingishi har wata mai talla ta matsa mata tana yi mata sannu. Ta juyo a hankali.

"Sandata ce. Wane marar imani zai ƙwace wa tsohuwa sandarta?"

Dariya ta kama Na'Allah har hularsa ta faɗi.

"Ɗauki ki tafi, na ba ki kyauta. In aka kama ki a filin jirgin Kano, kada ki ce kin san ni."