Wasan Jika Kafin Jirgin Dubai

"Jama'ar Nima, a ja baya, a ba da hanya! Ga Hajiya Amama mai wankan gawa, wadda ta sallami rabin matan unguwar nan zuwa lahira, ita kuma ta ƙi bin su! Ga amaryata mai haƙori uku, biyu na aro!"

Tajudeen ke nan, jikanta, yake zuba shela tun daga bakin ƙofa ba wanda ya sa shi. Gyaran waya yake yi a kasuwar Sakul, cikin wata rumfa da in ya yi atishawa sai maƙwabcinsa ya goge fuska. Rana ce tsaka. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, amma ba motsin kowa: mata sun tafi kasuwar Malam Atta, yara suna makaranta, an ɗauke wuta, ko rediyo ba ya kuka. Tsohuwar tana zaune kan 'yar kujera a ƙofar ɗakinta, da wani farin mayafi a ninke bisa cinya.

"Maigida, ka shigo da hannu biyu kamar mai zuwa ta'aziyya. Ina cefane?"

"Cefane ya ƙare, yarinya. Sakin ki na zo yi. Dubai ta yi kira."

"Dubai ta rasa maza ne?"

"Wani masta mai gyaran waya a can ya ce in zo in riƙe masa shago, ni ne babba, yara huɗu a ƙarƙashina. Kafin la'asar yake son amsa, in na yi shiru ya ba wani."

"To me ya hana ka? Ko kuɗin motar trotro ne babu?"

Tajudeen ya tsuguna yana sosa ƙeya. Ya ce albashin ya ninka na Sakul, amma garin yana cin kuɗi kamar gara. Ba ɗaki ake kamawa ba, gado ake haya, mutum shida a ɗaki ɗaya, wani bisa wani kamar burodi a kanta. Kuma sai ya shekara biyu kafin a bar shi ya leƙo gida.

"Mutum shida?" in ji tsohuwa. "Kabari ma mutum ɗaya ake sawa. Mu namu ya fi naku sarari."

"Ke komai sai kin kai shi maƙabarta."

"Can ne garin da ya fi Dubai tsada, sai ka ba da ranka ake ba ka wuri. Ba gadon ne ya dame ka ba, mijin banza. Shekara biyun ce. Tsoro kake in mutu ba ka nan."

"Ke? Mutuwa ta zo Nima sau nawa tana tambayar ki, kina cewa kin fita?"

"Ungo." Ta miƙa masa mayafin. "Tunda ba ka nan ranar addu'ar bakwai ɗina, yi mini wasan jikana yanzu in gani da idona."

Ya san al'adar sarai. In tsoho ya rasu a gidansu, ranar bakwai jikoki ke sa tufafinsa, su kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa har masu makoki su yi dariya da hawaye a fuska. A jikokin Hajiya Amama kuwa ba wanda ya iya ta kamar Tajudeen. Amma bai taɓa jin an yi wa mai rai ba.

"Hajiya, ana yi wa mutum wannan yana zaune yana cin goro?"

"Sauran ba su da wayo ne, suka bari aka yi ba su gani ba. Ko tsoro kake ji? Namiji har namiji, sai zane ya kore shi."

"Ni? Kawo nan. Yau za ki ga yadda kike da muni."

Ya yafa mayafin har goshi. Ƙamshin kafur ne ya fara dukan hancinsa, irin wanda take dawowa da shi daga gidan rasuwa. Ya ranƙwafa, ya dafa ƙugu, ya ja ƙafa zuwa tsakar gida yana mita: "Wace 'yar banza ce ta zubar mini da ruwan wanki a ƙofa? Zongo ta lalace!"

Ya jira dariyarta. Ba ta yi ba.

Taku na uku, sai ya ji gwiwarsa ta hagu ta riƙe da gaske, wani ciwo mai sanyi kamar an zuba ƙanƙara cikin ƙashi. Ya so ya miƙe, bayan ya ƙi. Tsakar gidan da ya sani tun yana rarrafe ta yi masa faɗi, ƙofar waje ta yi nisa.

Nan Adiza mai koko, da ke haya a ɗakin ƙarshe, ta shigo da roba a kai. Ta wuce tsohuwar da ke kan kujera har zanenta na shafar ta, ba ta ko waiwaya ba. Ta zo gaban Tajudeen ta durƙusa.

"Hajiya, barka da rana. Ya ƙafar?"

Ya buɗe baki zai ce, ke Adiza, ni ne. Abin da ya fito daban, da wata murya siririya mai rawa wadda ba kwaikwayo ba ce: "Da sauƙi, 'yar nan."

"Gidan ya yi shiru tunda Tajudeen ya tafi."

"Ni na sallame shi," in ji bakinsa. "Zaman me zai yi?"

Adiza ta ce Allah ya sa ya gama lafiya, ta tashi ta shige ɗakinta ta ja labule. Tajudeen ya juya da ƙyar ya dubi ƙofar kakarsa ta cikin shara-sharan mayafin. Kujera na nan. Silifas na nan a jere. Ba kowa a kai.

Ya fizge mayafin ya yar, yana salati da ƙarfi. Ga ta zaune inda take, tana ɓare goro da farce.

"Ka gama? Ko nisa ba ka yi ba ka fara kiran Annabi."

"Hajiya, kin ji abin da ta ce? Ta wuce ki ba ta gan ki ba!"

"Adiza? Wadda ke zuba gishiri a koko? Idonta ya daɗe da tafiya."

"Ta ce na tafi! Ban gaya wa kowa zancen nan ba sai ke!"

"A Nima? Ka yi tusa a Sakul, kafin ka hau mota an ji har unguwar Mamobi."

Ya durƙusa ya kama ƙafarta, ya ji ta da ɗumi, ya ƙi saki. "Na fasa. Masta ya ba wani. Ba inda za ni."

"Ka zauna ka yi mini me? Ka hana Mala'ika shigowa da sukundireba? Ranar da za a ɗauke ni, ko kana kan cinyata sai an ɗauka. Abu ɗaya nake bin ka, ka yi, na gani. Bai yi kyau ba, amma na karɓa." Ta cusa masa rabin goron a baki. "Kira mutumin nan tun ladan bai riga ka ba."

Ya tauna, ɗacin ya dawo da shi hayyacinsa. Dariya ta kufce masa, ya ciro waya ya aika wa masta cewa yana tafe. Sannan ya miƙe ya buga ƙirji.

"Shi ke nan, kin ci. Amma ki ji da kyau: ni Tajudeen, babban injiniyan Dubai, na hana ki mutuwa sai na dawo. Kika kuskura, saki uku!"

Tsohuwar ta nuna ƙasa da leɓe.

"Ɗauko mini mayafina ka kakkaɓe. Ban gama da shi ba."