Saƙon Muryar da Ya Raba Ni da Jikana

Ku matso, ɗiyana, ku ara mini kunnuwanku. Wagga ba tatsuniya ba ce. Ni ce a cikinta, ni da bakina.

Ba zan taɓa mantawa ba da damanar da samarin unguwarmu suka yi yajin buga ƙwallo. Garinmu yana gabas da Tamaske, unguwa biyu gare mu, Tudu da Gangare, kowace da ekip ɗinta. Namu na Tudu koren mayo, wato rigar ƙwallo, suke sawa, na Gangare ja. Kowace shekara in an ƙare maimai, noma na biyu, 'yan lakkwal, masu karatun boko, suna hutu, sai a yi gasa tsakanin garuruwa. A shekarar nan mu da Gangare muka kai wasan ƙarshe.

Ni kuwa, da furfurata da komai, ni ce uwar ekip ɗin Tudu. Ni ke dama musu fura, ni ke guɗa a bakin fili in sun ci. (Har yau ban san abin da ke sa alƙalin wasa busa usur ba, amma guɗa na iya ta.) Don girmamawa suka saka ni cikin gurup ɗinsu na waya, inda 'yan Tudu na gida da na cirani, tun daga Bijan har Libiya, suke haɗuwa suna surutu.

Jikana Hamisu shi ne kapiten. Shekararsa ashirin da biyu, ni na yaye shi, a ɗakina ya tashi. Ina ce masa maigida, yana ce mini tsohuwar matata. Duk sa'o'insa sun taɓa cirani, shi kaɗai bai taɓa ba. Mutane suna cewa ƙwallo ce ta riƙe shi. Ni a raina na san har da ni.

Saura kwana goma a yi wasan, suna gwaji, wani ɗan wasansu mai suna Iliya ya faɗi kan dutse, ƙafarsa ta karye gida biyu. Kun san filayen Adar, ƙasa kaɗan, dutse da yawa. Shugaban kwamitin gasar ko gaisuwa bai je ba. Sai samari suka ce ba su ƙara taɓa ƙwallo sai an kwashe duwatsun fili, shugaba kuma ya taka da ƙafarsa ya je gaban Iliya. Hamisu ne ya yi shelar yajin. Nan da nan waya ta ɗauki zafi. Maza masu gemu suna kuka a cikinta, wani daga Libiya yana rantsuwa ya bar cin abinci sai an bi wa Iliya haƙƙinsa. Ni ma na tura tawa muryar, na ce duk wanda ya karya yajin nan kada ya ƙara shan furata.

Rana ta huɗu da fara yajin, da azahar, Hamisu ya shigo ɗakina ya zauna bakin gado. Na miƙa masa ƙwarya, ya riƙe bai sha ba.

"Kaka," ya ce. Da na ji bai ce matata ba, na san da magana. "In ba ki ajiya, kin riƙe?"

"Maigida, ni da na riƙe ka kana tsumma?"

"Ina dab da Iliya sa'ad da ƙashin ya karye. Na ji ƙararsa da kunnena. Tun rannan, in na ga ƙwallo, ƙafafuna rawa sukai. Yajin nan gaskiya ne, Kaka, amma wallahi daɗinsa nake ji. Ba ni son a sasanta. Kada kowa ya ji."

Na shafa kansa, na ce ko ƙasa ba za ta ji ba.

Ajiyar nan ta yi wuni ɗaya a cikina. Washegari da la'asar ta fara ci na kamar ƙaiƙayi. Sai na ce wa raina, ai uba ba kowa ba ne. Ubansa ɗana ne na fari (ba ni faɗin sunansa, kun san al'ada), yana Bijan shekara da shekaru.

To, ni ban yi lakkwal ba, ban san baƙi ba. Da hoto nake gane mutane a waya. Mai hoton rago ƙanena ne, mai jan kallabi ɗiyata ce ta Madawa. Uban Hamisu da can hotonsa da farar hula ne, amma a satin yajin ya canza shi, ya sa koren mayo don nuna goyon baya. Na sani, an nuna mini. Abin da na manta, hoton gurup ɗin ma koren mayo ne. Na ga kore, na danna, na buɗe baki.

Da a kan Hamisu kaɗai na tsaya, da sauƙi. Amma tsohuwa in ta ga fili ba ta tsayawa. Na ce yaron nan tsoro ne ya kama shi, ƙafafunsa rawa sukai, yajin nan mafaka ce gare shi. Na ce in ana son gaskiya, 'yan Gangare sun fi namu iya wasa, golansu shi kaɗai ya fi namu goma sha ɗaya, kuma su in sun gamu da tsohuwa suna durƙusawa. Na ce ƙartin nan masu kuka a waya, da yawansu na ga ranar da aka rufe iyayensu, ko ɗigon hawaye ban gani ba, yau ga su suna majina a kan fatar da aka hura wa iska. Na kira sunayen mutum uku. Na rufe da addu'a, na kai wayar shagon caji saboda wutarta ta kusa ƙarewa, na koma gida raina wasai.

Da safe akwai suna a Gangare, gidan ƙawata Tsahara, wadda muka yi 'yanmatanci tare. Na yafa zanena mai kyau na kama hanya. A cikin Tudu na gai da mutum biyar, biyu suka amsa da hanci, uku suka kalli bango. Na ce a raina yajin nan ya ɓata wa mutane hali.

Ina sa ƙafa a Gangare sai guɗa. Mata suka ajiye taɓare suka tarye ni, wata ta karɓi takalmina, wata ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa mai kyau. Tsahara tana dariya har tana riƙe ciki.

"Marhabin da tamu," ta ce. "Ashe shekara talatin kina tare da mu a ɓoye."

"Tsahara, me kika sha da safen nan?"

"Zauna ki ji. Ku sa mata."

An ɗauko lasifika don kiɗan suna. Daga cikinta sai ga muryata, da tarina, da tsakina, da komai. Ashe cikin gurup ɗin na tura ta, daga can aka yi ta turawa har Gangare. Kowace kalma ta cika gidan ta tsallake katanga. Da aka zo wajen golan Gangare maza a waje suka yi tafi. Da aka zo wajen Hamisu, 'yanmata suka kama tafa hannu suna rerawa: rawa sukai, rawa sukai. Ashe tun jiya sun mai da shi waƙa.

(Rannan na san ni ma ƙafafuna sun iya rawa.) Na zauna na saurari kaina har addu'ar ƙarshe, taron kuma ya ce amin.

Ko jaririn ban gani ba. Na dawo ta bayan gari, ta cikin gonakin hatsi, don kada in gamu da kowa. Na tarar da Hamisu tsaye a ƙofar ɗakina, bai shiga ba.

"Maigida," na ce.

"Bar ni da maigidan nan, Kaka."

"Ubanka na nufa. Hoton ne iri ɗaya."

"Na sani. Maganar golansu ma gaskiya ce, kowa ya sani. Amma ni cewa na yi kada kowa ya ji. Ban ce ban da ubana ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni, da na samu abin riƙewa.

Kafin magariba yajin ya mutu. Shugaban kwamiti ya ce tunda uwar ekip da bakinta ta shaida tsoro ne ba haƙƙi ba, ba shi da abin sasantawa. Samari suka ga in ba su buga ba, sunan matsorata ya bi su har abada. Aka yi wasan a kan duwatsun nan, ko ɗaya ba a ɗauke ba. Hamisu ya shiga don ya wanke kansa. Duk sa'ad da ƙwallo ta zo gare shi, rabin fili sai ya ɗauki waƙar nan. Kafin a je hutun rabin lokaci aka fid da shi. Gangare suka ci mu uku. Ni ban je ba, daga ɗaki na ji guɗarsu.

Ga yadda kowa ya ƙare. Iliya ya warke, amma da ɗingishi, yanzu yana tallar albasa a Tamaske, shugaban kwamiti kuwa har yau bai je gaishe shi ba. Mutum ukun da na kira sunayensu, biyu sun yafe, ɗaya ya aiko cewa ko na mutu ba ya zuwa. Uban Hamisu ya yi wata huɗu bai kira ni ba. Tsahara tana aiko mini da tuwon suna kowane buki, ina ba almajirai. Ekip ɗin Tudu sun yi sabuwar uwa, yarinya ce, furarta ruwa-ruwa.

Hamisu bai jira girbi ba. Ya shiga motar Tawa, daga can ya yi arewa. Damana uku ke nan. Yana kiran uwarsa, a ƙarshen magana yakan ce a gai da Kaka.

Ni kuma na koyi riƙe ajiyar magana, na iya ƙwarai. Sai dai tun rannan ba wanda ya sake ba ni.